Kurmin Kuros Riba: Lissafin Riba Da Asara Na Ƙauyukan Da Ke Tsaron Daji

A ƙarshen shekarun 1980, mutanen wasu ƙauyuka biyu da ke cikin ƙaramar hukumar Akamkpa ta jihar Kuros Riba, wato Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, sun samu kansu a gaban wani ciniki mai wuyar yankewa. Ba su da hanyar mota. Duk wanda ya yi niyyar kai amfanin gonarsa kasuwa, ko ya kai mara lafiya asibiti, sai ya yi tafiyar sa'o'i da dama a ƙafa cikin kurmi, da kaya a ka. Kamfanonin katako kuwa sun zo musu da tayin da suka saba yi wa ƙauyukan yankin: a ba su izinin sare itatuwan da ke dajin, su kuma su fasa hanya.

Mutanen Ekuri sun ƙi wannan tayi. Sun riga sun ga abin da ya sami wasu maƙwabtansu da suka karɓa, inda aka kwashe manyan itatuwa cikin 'yan shekaru, hanyar da aka fasa domin manyan motocin gungume ta lalace da zarar kamfani ya tattara nasa ya nasa, aka bar ƙauye babu daji babu hanya. Maimakon haka sai suka ɗora wa kansu haraji a kan kayan daji da suke sayarwa, suka haɗa da aikin gayya, suka fasa hanyarsu mai tsawon kimanin kilomita 40 da kansu, har da gadoji. A shekarar 1992 suka kafa ƙungiyar da ake kira Ekuri Initiative domin kula da dajin nasu mai faɗin hekta 33,600, wanda ake lissafa shi cikin manyan dazuzzukan da al'umma ke riƙe da su a Afirka ta Yamma.

Ga ɗan kasuwa, wannan labari ne na uwar kuɗi da riba. Mutanen Ekuri sun ɗauki dajin a matsayin uwar kuɗi, abin da yake bayarwa kowace shekara kuma a matsayin riba, suka ƙi cin uwar kuɗin. Tambayar da ta rage, wadda shekaru talatin da suka biyo baya suka yi ta gwadawa, ita ce ko dokokin ƙasa da kasuwa za su bar wannan lissafi ya ci gaba da fitowa daidai.

Dukiyar da ake magana a kanta

A da, kurmi ya rufe kudancin Nijeriya tun daga yamma har zuwa iyakar Kamaru, kuma katako na cikin kayan da ke samar wa ƙasar nan kuɗin musaya kafin zuwan man fetur. Noma da sarar itace da bunƙasar garuruwa sun cinye mafi yawan wannan kurmi. Ana ƙiyasin cewa fiye da rabin abin da ya saura a jihar Kuros Riba yake. Babban ɓangarensa yana cikin gandun dajin ƙasa na Kuros Riba, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000, an kuma kasa shi gida biyu: sashen Oban a kudu, wanda ya haɗa iyaka da gandun Korup na Kamaru, da sashen Okwangwo a arewa, mai maƙwabtaka da gandun Takamanda. Sauran kurmin yana cikin gandayen gwamnatin jiha da kuma dazuzzukan da ke hannun ƙauyuka.

A cikin wannan kurmi ne ake samun wani nau'in goggon biri, wato gorilar Kuros Riba, wanda babu shi a ko'ina cikin duniya sai a tsaunukan iyakar Nijeriya da Kamaru. Wani masani Bajamushe, Paul Matschie, ya fara bayyana shi a 1904. An daɗe ana zaton ya ƙare a Nijeriya, sai a shekarun 1980 aka tabbatar da cewa yana nan. Masana na ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba, kimanin 100 daga cikinsu a ɓangaren Nijeriya, a wurare uku: tsaunin Afi, tsaunukan Mbe da sashen Okwangwo. Ban da shi akwai cimfanzi, da wani biri mai baƙar fuska da ake kira diril, da giwar kurmi, da ɗankunya, da aku mai jar wutsiya.

Su mazauna yankin, dajin rumbu ne. Daga cikinsa suke samun ƙwallon ogbono da ake miya da shi a duk faɗin ƙasar nan, da ganyen afang, da namijin goro, da karan saƙa kujeru, da zuma, da dodon koɗi, da magunguna. Mafi yawan masu tsinkar ganye da fasa ƙwallon ogbono mata ne, kuma da wannan kuɗi ake biyan kuɗin makaranta a gidaje da yawa. Har ila yau, rafukan da ƙauyuka ke sha da waɗanda ke ciyar da kogin Kuros Riba daga ƙarƙashin waɗannan itatuwa suke ɓuɓɓugowa.

Dalilin da ya sa daji ke faɗuwa

Masana tattalin arziki sun daɗe da gane cewa dukiyar da ba ta da mai ita tsayayye ba ta jimawa. A 1968 wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya yi bayanin cewa idan makiyaya ta kowa ce, kowane makiyayi zai ƙara dabbobi, domin ribar tasa ce shi kaɗai, asarar kuwa an raba ta ga kowa, har makiyayar ta mutu. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa mafita biyu ce kawai: gwamnati ta karɓe, ko a sayar wa ɗan kasuwa guda. Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa akwai hanya ta uku. Ta bi diddigin al'ummomi da dama da suka riƙe daji ko ruwa ko makiyaya shekaru aru-aru ba tare da sun kashe su ba, ta kuma gano abin da ya haɗa su: iyaka sananniya, dokoki da mutanen suka tsara da kansu, masu sa ido daga cikinsu, hukunci mai hawa-hawa, da gwamnatin da ta amince da ikonsu.

A Nijeriya, sharaɗi na ƙarshe shi ne mai rauni. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, wanda ke da ikon soke haƙƙin zama a kanta idan ya ce amfanin jama'a ya buƙaci haka. Mutumin da bai tabbata itacen da ya bari yau zai zama nasa nan da shekara ashirin ba, hankali zai gaya masa ya sare shi kafin wani ya riga shi. Bugu da ƙari, kuɗin katako a dunƙule yake zuwa rana ɗaya, na ogbono da afang kuwa kaɗan-kaɗan yake shigowa. Wanda ke da mara lafiya a kwance ba ya jiran kaka. Kuma akasarin ribar katako ba a bakin daji take tsayawa ba: mai itace yana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, mai injin yanka da mai mota da dillali da babban ɗan kasuwa a birni su ne ke raba kaso mai tsoka.

Abin da Ekuri ta yi

Ƙungiyar Ekuri ta fara ne da auna dukiyarta. An shata iyakar dajin, an kasa shi shiyya-shiyya: inda za a yi noma, inda za a tsinci kayan daji, inda za a iya yankan katako da ƙa'ida, da inda ba za a taɓa ba sam, musamman bakin rafuka da mazaunin dabbobi. A wuraren da aka ware domin katako, an ƙidaya itatuwa, aka tsayar da cewa sai wanda ya kai wani kauri za a sare, sa'an nan a bar wurin ya huta shekaru masu yawa. 'Yan kasuwar da ke shigowa sayen kayan daji sai sun yi rajista sun biya kuɗi, kuma abin da aka tara yana shiga asusun al'umma, inda aka yi amfani da shi wajen gyaran hanya, gina makaranta da ɗakin shan magani da tallafa wa ɗalibai.

Tafiyar ba ta rasa gargada ba. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsakiyar shekarun 1990 an yi yunƙurin ba wani kamfanin katako hayar dajin ta bayan fage, ba da yardar jama'a ba. Mutanen gari suka tare hanya, magana ta kai kotu, har wasu daga cikin jagororinsu suka sha ɗauri, amma dajin bai faɗi ba. A 2004 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙungiyar lambar yabo ta Equator, wadda ake ba al'ummomin da suka haɗa rage talauci da kare muhalli.

A wannan zamani kuma ita kanta gwamnatin jihar ta ɗan buɗe wa ƙauyuka ƙofa. An kafa kwamitocin kula da daji a ƙauyuka, an kuma tsara rabon kuɗin da ake biya a kan kowane itace, ta yadda al'umma ke karɓar kashi 70 cikin 100 idan daga dajinta aka sare, kashi 50 kuma idan daga gandun gwamnati ne. Wannan ya ba ƙauye dalilin tsare ɓarawon itace, domin abin da ya sata daga aljihunsu ya fito. A 2004 gwamnatin Donald Duke ta dakatar da aikin kamfanin katako na WEMPCO da ke kusa da Ikom, bayan shekaru ana ƙorafi. Odigha Odigha, wanda ya jagoranci wannan fafutuka, ya samu lambar yabo ta Goldman a 2003.

Darasin gandun dajin ƙasa

Shi gandun dajin ƙasa da wani salo ya zo. Lokacin da ake shirin kafa shi, an yi wa ƙauyukan da ke kewaye alkawarin ayyukan raya karkara a madadin farauta da noman da za su bari, an kuma yi maganar sake wa ƙauyukan da ke tsakiyar gandun, irin su Okwa da Okwangwo, matsuguni. Ana sa ran mafi yawan kuɗin zai fito daga ƙasashen Turai. Sai dai kuɗin bai zo yadda aka tsara ba, dangantakar Nijeriya da Turai kuma ta yi tsami bayan rataye Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamba na 1995. Ƙauyukan suka wayi gari an hana su abin da suka saba, ba a kuma ba su abin da aka alkawarta ba.

Wannan ne ya sa wasu masana suka yi shakkar tsarin gaba ɗaya. John Oates, wanda ya daɗe yana binciken birai a yankin, ya wallafa littafi a 1999 inda ya yi gargaɗin cewa haɗa kare daji da alkawarin ci gaba yakan sa mutane su ɗora rai a kan kuɗin da ba zai zo ba, a kuma manta da aikin tsaro na yau da kullum. Gargaɗin yana da tushe. Al'umma ba mala'iku ba ne: akwai mai son daji, akwai mai son kuɗin yau, kuma dabba irin goggon biri ba ta kawo wa manomi ko sisin kwabo. Abin da aka koya shi ne cewa alkawari ba ya tsare daji, sai albashi da doka da mai sa ido.

Tsaunukan Mbe

A ƙaramar hukumar Boki, tsakanin tsaunin Afi da sashen Okwangwo, akwai tsaunukan Mbe, masu faɗin kimanin murabba'in kilomita 85. Ba gandun gwamnati ba ne. Ƙauyuka tara ne ke da su, ciki har da Kanyang da Bamba da Wula, kuma sun haɗu sun kafa ƙungiya guda mai suna CAMM domin kula da wurin. Sun shata iyakar da ba a noma ba a farauta a cikinta, sun tsayar da tara ga wanda ya karya doka. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedkwata a Amurka, ita ke ɗaukar nauyin 'yan sintiri da aka zaɓo daga waɗannan ƙauyuka, da yawansu tsofaffin mafarauta.

Hikimar ɗaukar mafarauci aikin gadi a bayyane take. Shi ya san hanyoyin dabbobi, ya san inda ake ɗana tarkon waya, ya kuma san masu ɗanawa. Albashin wata-wata ya fi masa kuɗin nama da ba shi da tabbas, kuma idan ya kama mai laifi, gaban dattawan garinsu za a kai shi, inda kunya ta fi tara ciwo. 'Yan sintirin suna rubuta duk abin da suka gani, tarko ko kwanson harsashi ko sheƙar da goggon biri ya kwana, a cikin na'urar hannu mai nuna wuri, ta yadda za a iya kwatanta bana da bara. Kazalika an koya wa wasu mazauna kiwon zuma da gyaran tsofaffin gonakin koko, domin amfani ya ƙaru ba tare da an ci sabon daji ba.

A watan Yuli na 2020 aka fitar da hotunan da wata kyamarar ɓoye ta ɗauka a tsaunukan Mbe, inda aka ga garken goggon biri tare da 'ya'ya da dama. Ga dabbar da macenta ke haihuwar ɗa guda a cikin kimanin shekara huɗu, ganin 'ya'ya shi ne hujjar da ta fi kowace cewa tsaron yana aiki. Amma akwai rauni a tsarin, kuma na kuɗi ne: albashin daga masu ba da taimako na ƙasashen waje yake fitowa. Duk harkar da ke tsaye a kan abokin ciniki guda, ɗan kasuwa ya san haɗarinta.

Haramcin sara da kuɗin iska

A 2008 gwamnatin Liyel Imoke ta haramta sarar katako a duk faɗin jihar, ta kuma kafa rundunar tabbatar da dokar. Manufar ita ce a shiga shirin REDD na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a ƙarƙashinsa ƙasashe masu masana'antu za su biya masu daji ladan barin itatuwa a tsaye, tun da itace yana riƙe iskar da ke ɗumama duniya. A 2011 aka amince da kimanin dala miliyan 4 domin shirye-shiryen Nijeriya, jihar Kuros Riba kuma ita ce wurin gwaji.

Wannan kuɗi na shiri ne: aune-aune, horo da tarurruka. Cinikin iskar da aka sa rai zai zuba wa ƙauyuka kuɗi bai kankama ba. A ɗaya gefen kuma haramcin ya tsayar da kason da ƙauyuka ke samu daga katakon halal, ya raunana kwamitocin da ke rayuwa a kan wannan kaso. Buƙatar katako a biranen ƙasar nan ba ta ragu ba, saboda haka cinikin ya koma na dare, ribarsa ta koma hannun masu fasa-ƙwauri da masu karɓar na goro a kan hanya. A 2023 gwamna Bassey Otu ya ɗage haramcin bayan shekara 15. Ko ɗagewar za ta zama alheri, ya dogara ne ga wanda za a ba izini, da wanda zai ƙidaya gungumen, da kuma ko kason ƙauyuka zai dawo.

Babbar hanya

Jarrabawa mafi girma daga gwamnati ta zo. A watan Oktoba na 2015 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya aza harsashin wata babbar hanya mai tsawon kimanin kilomita 260 da gwamna Ben Ayade ya tsara, daga wata tashar jiragen ruwa da ake son ginawa a Bakassi zuwa iyakar jihar Binuwai. A watan Janairu na 2016 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar soke haƙƙin mallakar ƙasa har kilomita 10 a kowane gefen hanyar. Idan aka buga lissafi, murabba'in kilomita 5,200 ke nan, kusan rubu'in jihar, kuma ƙauyuka fiye da 180 abin ya shafa, ciki har da Ekuri.

Mutanen da suka ƙi sayar da dajinsu domin hanya sai ga shi za a karɓe shi kyauta da sunan hanya. Suka yi zanga-zanga, suka haɗa kai da ƙungiyoyi na gida da na waje, aka tara sa hannu fiye da 250,000 aka miƙa wa gwamnatin tarayya. Ma'aikatar muhalli ta tarayya ta ba da umurnin dakatar da aiki har sai an kammala binciken illar da zai yi. A watan Fabrairu na 2017 gwamnatin jihar ta janye batun kilomita 10, daga baya kuma aka karkatar da hanyar daga gandun dajin ƙasa da dajin Ekuri. Gwamnan ya sauka a 2023 hanyar ba ta kammalu ba. Ƙauyukan sun yi nasara, amma sun ga yadda sanarwa guda a jarida za ta iya shafe aikin shekara ashirin da biyar.

Koko da kasuwar Turai

Barazanar da ta fi daɗewa ba ta da ƙara. Jihar Kuros Riba ita ce ta biyu wajen noman koko a Nijeriya, bayan Ondo, kuma cibiyar noman tana Ikom da Etung da Boki, wato a bakin kurmi. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, farashin duniya kai-tsaye yake isa ga manomi. A 2024 farashin tan guda ya haura dala 10,000 a karon farko a tarihi. Duk lokacin da farashi ya yi irin wannan tashi, kowace hekta ta kurmi sai ta zama gonar da ba a share ba a idon mai neman kuɗi.

A nan ne wata doka ta ƙungiyar Tarayyar Turai, wadda aka zartar a 2023, ta shigo cikin lissafin. Dokar ta hana shigar da koko, kofi, manja, roba, waken soya, shanu da katako kasuwar Turai idan an same su daga ƙasar da aka share daji bayan 31 ga Disamba, 2020, kuma dole mai kaya ya nuna ainihin wurin da gonar take. An ɗage ranar fara aiki da ita fiye da sau ɗaya, amma manyan masu saye sun riga sun fara auna gonaki. Da yake Turai ce babbar kasuwar kokon Nijeriya, ƙauyen da ya riga ya shata iyakar noma da ta daji, kamar yadda Ekuri da Mbe suka yi, yana da takardar da maƙwabcinsa ba shi da ita. A karon farko tsaron daji na iya zama abin da ke buɗe kasuwa.

Yawon buɗe ido kuwa sai a yi hattara da shi. Ƙasar Ruwanda tana karɓar dala 1,500 daga kowane baƙo da ke son ganin goggon birinta, tana kuma ba ƙauyukan kewaye kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta. Amma na Kuros Riba ba a saba da su da mutane ba, kuma masana na tsoron cewa sabon zai jawo musu cuta ko ya sauƙaƙa wa mafarauta. Abin da ake iya nuna wa baƙo shi ne birai diril da ƙungiyar Pandrillus ke reno a gindin tsaunin Afi, da miliyoyin tsattsewa da ke zuwa daga Turai su kwana a Boje lokacin rani. Kasuwa ce ƙarama, mai buƙatar hanya da tsaro da masauki.

Abin da ya shafi ɗan kasuwar Arewa

Mai karatu a Kano ko Kaduna na iya ganin abin da nisa, alhali kuwa katakon da ake rufin gida da shi, wanda ake saukewa a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa da makamantanta, mafi yawansa daga kurmin kudu yake zuwa. Idan tushen ya ƙafe, farashi a nan zai tashi. Arewa ma ta ɗanɗani irin wannan. Bayan 2013 aka yi rububin sarar madobiya a Taraba da Adamawa da Kogi ana kai wa ƙasar Sin. Cikin 'yan shekaru manyan itatuwan suka yi ƙaranci, a 2017 aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Kasuwar da ta ci uwar kuɗinta ta rufe kanta da kanta.

Akwai kuma misali na alheri kusa da gida. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma sun koma barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu, musamman da suka samu tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Ana ƙiyasin an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Ƙasa ta bambanta, itatuwa sun bambanta, amma dalilin ɗaya ne da na Ekuri.

Inda lissafin ya tsaya

Shekaru talatin na gwaji a Kuros Riba sun nuna cewa ƙauye zai iya tsare daji da kuɗi kaɗan, wani lokaci fiye da yadda hukuma ke yi, muddin abubuwa uku sun haɗu. Na farko, mallaka tabbatacciya, a rubuce, wadda ba za a soke ta da sanarwar dare ɗaya ba. Na biyu, kuɗin shiga mai zuwa a kai a kai, daga kason katakon halal, da kayan daji, da koko mai takarda, da albashin sintiri, ba daga tushe guda ba. Na uku, hukuma mai hukunta ɓarawon da ya fi ƙarfin dattawan gari. Duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, an ga injin yanka ya shigo, kuma ko a 'yan shekarun nan ba a daina samun rahotannin kutse a dajin Ekuri ba.

Ga masu jari, ƙofofin da ke buɗe sanannu ne: sarrafa ogbono da zuma kusa da inda ake samunsu, sayen koko daga ƙungiyoyin manoma masu taswirar gonaki, dasa itatuwan katako masu saurin girma a ƙasar da ta riga ta gaji, da tambayar takardar izini kafin a loda mota. Itacen iroko da aka kayar cikin sa'a guda ya ɗauki shekaru fiye da na mai sarar kafin ya kai haka, kuma babu bankin da ke ba da rancen irin wannan lokaci. Mutanen Ekuri da na Mbe sun riƙe nasu kason na uwar kuɗin har zuwa yau. Sauran ya rage ga gwamnati da kasuwa.